Jagora ga Mai Niyyar Gudun Fanfalaki a Tsaunukan Karkara Lokacin Kaka

Dalilin wannan rubutu shi ne abin da nake gani yana maimaituwa kowace shekara ga samarinmu masu karatu ko neman abinci a ƙasashen Turai, da ma waɗansu na gida, waɗanda sha'awar gudun fanfalaki ta kama su, sai su ga hoton wani ƙauye mai tafki da tsaunuka da itatuwa masu jan ganye, su rubuta sunansu a tseren wurin, suna zaton ƙanƙantar taro alama ce ta sauƙin aiki. Alhali kuwa nisan bai canza ba, kilomita 42 ne da mita 195, kamar yadda aka auna a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi ƙa'ida a 1921. A babban birni an share maka hanya, an jera maka ruwa, jama'a na yi maka kirari tun daga farko har ƙarshe. A karkara kuwa an ƙara maka tudu, an rage maka mataimaka. Kurakuran sababbin shiga ba su da yawa, amma iri ɗaya ne, mafi girmansu kuwa shi ne suna tsoron hawa suna raina gangara, ita kuwa gangarar ita ke karya mutum.

Domin kada magana ta tafi ba hujja, zan riƙa buga misali da tseren Marathon Eryri, wanda ake yi a ƙarshen watan Oktoba a arewacin Wales ta ƙasar Birtaniya tun 1982, yana zagaye dutsen Yr Wyddfa mai tsawon mita 1,085, wanda Ingilishi ke kira Snowdon. Ana tashi kusa da garin Llanberis, a haura mashigar Pen-y-Pass tun ƙafa ba ta gama ɗumi ba, a gangara ta gefen tafkuna zuwa ƙauyen Beddgelert inda tafiya ke rabawa, a sake hawa, a miƙe zuwa Waunfawr, sa'an nan, a wajen kilomita 35, a tarar da tudu mafi tsanani, wanda bayansa akwai gangara mai santsi da ke zubo mutum cikin Llanberis. Jimillar hawan ta haura mita 800. Masu shiga 'yan dubbai ne kaɗan, ba kamar tseren Landan ba inda ake samun sama da mutum 50,000. Wanda ya fahimci siffar wannan hanya zai iya ƙiyasta sauran a kanta.

Abubuwan da ake bukata

Takalmin gudu wanda ka riga ka saba da shi, mai ƙasa mai riƙe taɓo, wanda ya ɗara ƙafarka da faɗin ɗan yatsa, domin a gangara ƙafa tana zamewa gaba, farce ya yi ta dukan bakin takalmi har ya yi baƙi ya fita.

Safa da riga da wando waɗanda ba na auduga ba, saboda auduga tana shan gumi da ruwan sama ta riƙe, ta yi nauyi, ta sanyaya jiki, ta kuma goge fata.

Rigar ruwa marar nauyi wadda za ta naɗu a ɗaura a ƙugu, da safar hannu, da hular sanyi.

Ƙaramar gorar ruwa, da guzurin ci: dabino, ko ayaba, ko ɗan sukarin nan mai kauri da ake sayar wa 'yan tsere cikin ƙananan ledoji.

Basilin da filasta, domin hammata da matsematsi da kan nono.

Tufafi busassu masu kauri da za ka bari a wurin ƙarewa.

Sai lokaci, wanda shi ne sharaɗin da ba a saye: mako 16 zuwa 20 na atisaye ga wanda dama yana iya gudun kilomita 10 ba tare da wahala ba. Wanda bai kai haka ba ya jinkirta zuwa baɗi.

Mataki na 1: Ganin likita

Kafin ka biya kuɗin rajista, a auna maka hawan jini, a saurari zuciyarka, musamman idan ka haura shekara 40 ko kuwa a danginku an taɓa yin mutuwar fuju'a. Akwai kuma mas'alar da ta shafe mu fiye da Turawan da ke shirya tseren, wato jinin sikila. Mai jinin AS lafiyayye ne, kuma ba a hana shi gudu ba, amma an san cewa aiki mai tsanani ƙwarai, idan ya haɗu da ƙishirwa ko zafi ko wuri mai bisa, yana iya jawo masa faɗuwa mai haɗari. Saboda haka wajibi ne ya san jininsa, ya gaya wa likita, ya rubuta a bayan lambar da zai maƙala a ƙirji. Wanda kuma zazzaɓi ya kama a makon tsere, na cizon sauro ne ko na mura, ya haƙura, domin gudu da zazzaɓi yana iya taɓa zuciya.

Mataki na 2: Karanta hanya

Masu shirya tsere sukan buga zane mai nuna hawa da saukar hanya kilomita bayan kilomita. Sabon shiga yakan dubi jimillar hawan kawai, alhali abin la'akari shi ne inda kowane tudu ya faɗo, domin tudun da ke kilomita 6 da wanda ke kilomita 35, ko da tsawonsu ɗaya, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ka haddace wuraren nan, ka san nisan da ke tsakanin tashoshin ruwa, da inda kwalta ta ƙare aka shiga tsakuwa ko ciyawa, da sa'ar da ake rufe hanya ga na baya. Ka kuma cire wa ranka lissafin lokacin da ka taɓa yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Abin da hawa ya ci maka, gangara ba ta biyan sa duka, don haka ka ƙara wa lissafinka rubu'in sa'a ko rabinta tun kana gida, kada agogo ya zame maka fitina a kan hanya.

Mataki na 3: Atisaye

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin tseren ko a faɗi. Asalin shirin sananne ne: gudu sau huɗu a mako ko kusa da haka, mafi yawansa a hankali yadda za ka iya hira da abokin tafiya, da doguwar tafiya guda a kowane mako wadda ake ƙara mata nisa sannu a hankali har ta kai kilomita 30 ko 32. Ba a ƙara nisan mako fiye da kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata, saboda huhu da zuciya suna saurin sabawa, jijiya da ƙashi kuwa suna da nawa, kuma wanda ya biye wa ƙarfin numfashinsa ya bar ƙashinsa a baya, ciwon ƙwauri ko na gwiwa ne zai zaunar da shi.

Abin da ya keɓanci tseren tsauni shi ne koyon sauka. Duk direban babbar mota da ya saba bin Hawan Kibo a hanyar Jos ya san cewa injin yana kuka ne a hawa, amma birki ke ƙonewa a gangara. To naman gaban cinya shi ne birkin ɗan Adam. A hawa tsoka tana tsukewa ta ɗaga jiki, ka ji haki, ka san kana aiki, ka rage da kanka. A gangara kuwa tsokar tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyinka, wannan kuwa yana yi wa zarenta ƙananan tsage-tsage waɗanda ba ka jin su nan take, tun da numfashi ya kwanta, iska na kaɗa ka, kana jin kamar ba a taɓa yin gwani irinka ba. Sai bayan sa'a biyu cinya ta sandare, kowane taku ya zama azaba, har mutum ya ga tudu ya yi murna domin ya fi masa sauƙi. Rahamar da ke cikin al'amarin ita ce jiki yana koyo: idan ka yi gudun gangara a atisaye ka sha ciwonsa na kwana biyu ko uku, tsokar takan ginu ta yadda na gaba ba zai yi maka irin wannan ɓarna ba, kuma kariyar tana ɗaukar makonni. Saboda haka, sau ɗaya a mako ka nemi tudu, ka hau da natsuwa, ka sauko da gudu na ƙa'ida, ka maimaita. Ka fara da kaɗan ƙwarai. Ka kuma tsara doguwar tafiyarka yadda tudu zai zo a ƙarshenta, lokacin da ka gaji, domin haka zai zo maka ranar tsere.

Mazaunin Jos, a bisa mita 1,200 ko kusa, ba shi da uzuri. Na Kano yana da Dala da Gwauron Dutse, na Zariya yana da Kufena, wanda kuwa ƙasarsu shafe take ko'ina, sai ya nemi matakalar bene ko gada, ya haɗa da tsugunne-tashi da tsayuwa a ƙafa guda. Ban yarda da masu cewa na'urar gudu ta ɗaki ta wadatar ba. Tana koyar da hawa, amma galibinsu ba su da sauka.

A cikin dogayen tafiye-tafiyen nan ne kuma za ka jarraba duk abin da za ka sa da wanda za ka ci. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sabon takalmi ranar tsere bororo ne da kuɗinka.

Mataki na 4: Makonnin ƙarshe da jajibere

Idan saura mako uku, ka yi doguwar tafiyarka ta ƙarshe, daga nan ka riƙa rage nisa har makon tsere ya zama ɗan motsi kawai. Waswasi yakan zo a wannan lokaci ya ce maka ba ka shirya ba, ka ƙara. Kada ka saurare shi, domin ƙarfin da atisaye ya gina ba ya bayyana sai da hutu. Kwana biyu kafin tsere ka yawaita shinkafa da taliya da dankali da burodi, ka rage mai da yaji da wake, ba tare da ka cika ciki har ya hana ka barci ba. Ka yanke farce.

Ƙauye ba shi da masauki da yawa, motar haya kuma ba ta zirga-zirga da sassafe, waya ma takan rasa sabis a cikin kwari, don haka ka kama ɗaki tun da watanni, ka san yadda za ka isa wurin tashi da yadda za ka koma. Ka tuna a daren Asabar wayewar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogon Turai baya da sa'a guda. Sa'an nan ka daidaita al'amarin sallarka tun kana gida: irin wannan tsere da hantsi ake tashi, mai tafiyar sa'a biyar ko shida kuwa azahar za ta riske shi a kan dutse, rana kuma gajeriya ce a kakar Turai, ka tambayi malaminka hukuncin matafiyi da faɗin lokaci, ka tafi da sani.

Mataki na 5: Safiyar tsere da sulusin farko

Ka karya kumallo sa'a uku kafin tashi da abin da cikinka ya sani. Kakar can ba irin tamu ba ce ta sabon gero da rana mai daɗi. Sanyi ne da yayyafi da iska, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafin iska yakan ragu da digiri 6 da rabi ko kusa, ban da abin da iskar mashigar dutse ke ƙarawa. Ka sa tufafin da za ka ɗan ji sanyi a cikinsu kana tsaye, domin wanda ya ji ɗumi a wurin tashi zai jiƙe da gumi a tudun farko, gumin kuma ya zame masa ƙanƙara a sama. Tsohuwar riga da ba ka so ka yafa har a busa usur.

Da an tashi za ka ga mutane sun zuba a guje kamar ana rabon gado a gaba. Ka ƙyale su. A taro ƙarami babu masu riƙe allo suna daidaita maka sauri, kuma kunya takan sa mutum ya bi rukunin da ya fi ƙarfinsa don kada a bar shi shi kaɗai. Mizaninka numfashinka: muddin ba za ka iya furta jimla cikakkiya ba a kilomita 10 na farko, ka yi israfi. Haɗarin ya fi yawa bayan an haye tudun farko, kamar saukar da ke bayan Pen-y-Pass, inda ga tafki a ƙasa, ga ƙafa sabuwa, ga hanya tana janka. A nan ne mafi yawan waɗanda za ka tarar suna ɗingishi a Waunfawr suka sayar da cinyarsu.

Mataki na 6: Yadda ake hawa, da sauka, da ci da sha

A hawa, ka gajarta taku, ka ɗan karkata gaba tun daga idon sawu ba tare da ka naɗe ƙugu ba, don kada ka matse huhu, ka sa hannuwa su yi aiki, idonka kuma a kan 'yan takun da ke gabanka. Idan tudu ya miƙe har gudunka bai fi tafiya sauri ba, ka yi tafiya da ƙarfi, hannu a kan cinya in ta kama. Babu aibi a ciki. Manyan 'yan tseren tsauni suna yi, girman kai ne kawai ke hana sabon shiga.

A sauka, kada ka jingina baya kana dukan ƙasa da dunduniya, domin hakan taka birki ne a kowane taku. Kada kuma ka buɗe ƙafa kana tsalle. Taku gajere mai sauri, ƙafa tana sauka a ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu a ɗan buɗe don daidaito. Ka yi hattara da ganyen da ya zuba ya jiƙe, da dutse mai gansakuka, da ƙarafan da ake shimfiɗawa a kan rami a bakin makiyaya don hana tumaki ƙetarewa. Waɗannan a taka su a hankali ko a bi ta gefe.

Sukarin da jiki ke taskacewa a hanta da tsoka yakan ƙare a wajen kilomita 30, tudu kuma yana gaggauta ƙarewarsa, wanda kuwa ya jira sai ya ji yunwa ya makara. Ka fara ci tun cikin sa'ar farko, kana neman giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace sa'a, wato kamar ƙananan dabino shida zuwa sama, ko ayaba guda da ɗan ƙari, a rarrabe. Ka ci a shimfiɗaɗɗen wuri ko kafin tudu, domin mai haki ba ya iya haɗiya. Alewa mai danƙo da 'yan ƙauye ke miƙawa don kyautatawa, da yawanta ana haɗa ta da sinadarin fata da ƙashin dabba, wani lokaci na alade, sai ka yi godiya ka dogara da guzurinka. Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishirwa: sanyi yakan sa a manta da shi, tsoro kuma yakan sa waɗansu su yi ta ɗura har gishirin jini ya tsinke, abin da ke kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har ma da halaka. Kada ka sha ibuprofen da danginsa kafin tsere ko a cikinsa, saboda nauyin da suke ɗora wa ƙoda.

Akwai ladubban karkara da ba na so a ce ɗan'uwanmu ne ya keta su. Hanyar sau da yawa ba a rufe ta duka, motoci na wucewa, shi ya sa akan hana toshe kunne da abin sauraro. Ka bi gefen da aka nuna maka. Leda ta koma aljihu, domin tunkiya na iya haɗiye ta, kuma da yardar manoma ake ratsa gonakinsu. Masu tsaye cikin ruwan sama suna miƙa maka kofi ba albashi ake ba su ba, ka gode musu. Shi kuwa kyan wurin da ya kawo ka, ka ɗaga kai ka dube shi a inda hanya ta kwanta, ka yi tasbihi. A gangara idonka na ƙasa.

Mataki na 7: Tudun ƙarshe, da sanin lokacin tsayawa

Idan ka kiyaye abin da ya gabata, za ka iso kilomita 35 a gajiye amma da sauran ƙafa, ka yi ta wuce mutane kana tafiya. A nan sauri ya ragu, jiki ya daina samar da ɗumi, hanya kuma ta kai inda iska ta fi ƙarfi, don haka ka sa rigar ruwanka tun kafin ka fara rawar ɗari. Idan jijiya ta ɗaure, ka tsaya ka miƙe ta a hankali, ka ci gaba da tafiya. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko harshe ya sarƙe, ko ka rasa gane inda kake, ko raɗaɗi mai suka a wuri guda na ƙashi, waɗannan ba a yi musu jarumta. Ka nemi ma'aikacin tsere mafi kusa, ka ba shi lambarka. Kada ka sulale ka tafi masauki ba da saninsu ba, domin za su fita neman ka a kan dutse har dare.

Wanda zai yi irin wannan a gida, kamar tseren dutsen Obudu da aka fara a 2005 a Jihar Kuros Riba, mai nisan kilomita 11 da 'yan kai wanda aka saba yi a baya a ƙarshen Nuwamba, ko wani gudu a tuddan Filato, hukuncin hawa da sauka bai canza masa ba, sai dai abin tsoronsa rana ce da ƙurar hunturu, don haka ya fi bukatar ruwa da hular rana fiye da safar hannu.

Mataki na 8: Bayan ƙarewa

Kada ka zube a ƙasa da ƙetare layi. Ka ci gaba da takawa na mintoci, domin tsayawa farat ɗaya tana tara jini a ƙafa ta kawo suma. Ka cire jiƙaƙƙun tufafi nan take, ka sha abu mai ɗumi, ka ci abinci. Kada ka tuƙa mota mai nisa a wannan yammaci. Ciwon cinya zai fi tsanani a kwana na biyu, har saukar matakala ta gagare ka sai da baya-baya, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne. Idan dai ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ɗauke, ko ƙafa guda ta kumbura ita kaɗai tana zafi, ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira gari ya waye.